Katakon Awon Yara Mutum Biyu Yake So

Wata Talata cikin damina na raka ƙanwata asibitin garinmu, can arewacin Jihar Kaduna. Mijinta ya shiga gona tun asuba, ni kuma na je gida hutun makaranta da babur ɗina, sai aikin ya faɗo kaina. Ɗanta, wanda muke ce wa Abba saboda sunan mahaifinmu ya ci, yana da wata 18 a lokacin, kwana uku yana zawo.

Ginin ba shi da makusa. Sabon fenti, ga sola a saman kwano, ga tankin ruwa. Mata sun cika baranda har sun malalo gindin dalbejiya, masu ciki da masu goyo, don ranar awo ce kuma ranar rigakafi. Ma'aikaciya kuwa ɗaya tal. Ita ke yanka kati, ita ke gwada hawan jini, ita ke allura, ita ke cike wasu manyan littattafai da aka jibge mata a kan tebur. Na tambayi maigadi ina sauran. Ya ce shugaban asibitin yana Kaduna wajen bita, yarinyar da ke taya ta aikin sa-kai kuma yau ba ta samu kuɗin mota ba.

Da layi ya zo kanmu ta duba Abba, ta ja fatar cikinsa, ta leƙa idonsa, ta ba da garin haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc. Aikinta ta yi, kuma daidai ta yi. Ni ne da karambanin malamin makaranta na buɗe katin yaron. Shafin rigakafi a cike yake, kowace allura da kwanan watanta. Shafin girma kuwa, mai layukan nan da ke hawa kamar tudu, ɗigo biyu ne kawai a cikinsa, duka na tun kafin ya cika wata uku. Can a lungu na hango katakon da ake kwantar da yara a auna tsayinsu, an ɗora masa kwalaye da tsintsiya.

Na ce, "Malama, wancan katakon ya lalace ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Malam. Mutum biyu yake so. Ɗaya ya riƙe kan yaro, ɗaya ya danne gwiwa ya karanta. Ka ga na biyun?"

Tun ranar maganar nan take cina. Abin da na tsaya a kai shi ne, tsumburewar yara a Jihar Kaduna, wato yaro ya kasa kai tsayin shekarunsa, ta gefen da ya rataya a wuyan hukuma, magana ce ta yadda ake raba ma'aikatan lafiya da yadda ake riƙe su. Asibitin da ke da ma'aikaci ɗaya magani kawai zai iya bayarwa. Hana tsumburewa sai da na biyu. Kuma na biyun nan sau da yawa akwai shi, sunansa na cikin takardar albashi, an dai ajiye shi ne inda ba nan aka fi buƙatarsa ba.

Ciwon da ba ya kuka

Mutane kan haɗa tamowa da tsumburewa, alhali kowacce da kamanninta. Tamowa ba ta ɓuya. Yaro ya rame, haƙarƙari a waje, wani ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. A zagaya masa ma'auni a damtse, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ɗora shi a kan ƙullin gyaɗar nan na leda, cikin makonni ya murmure. Ita ce ake ɗauka a hoto, ita ce ke sa a kira taro.

Tsumburarren yaro yana wasa, yana cin tuwo, yana dariya. Tsayinsa ne kawai bai kai na shekarunsa ba. Ana haihuwar jariri da tsawon santimita 50 ko kusa da haka, ya ƙara wajen 25 a shekarar farko, wajen 12 a ta biyu. Namiji ɗan shekara biyu ana sa ran ya kai 87. In bai kai 81 ba, ya tsumbure. Bambancin bai wuce tsawon yatsa ba. Wace uwa ce za ta gane wannan da ido, balle in duk yaran unguwar haka suke?

Kuma haka suke ɗin. Babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ce kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A arewa maso yamma kashi 57, a Kaduna kashi 48. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ƙasar bai sauka ba, sai ma ya haura zuwa 40.

Ba gajartar ce abin damuwa ba. Abincin da ke gina ƙashi shi ke gina ƙwaƙwalwa, kuma a lokaci ɗaya suke ginuwa, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, abin da ake kira kwana 1,000 na farko. Abin da aka rasa a nan da wuya a cike shi daga baya. Mu malamai mu ke karɓar sakamakon bayan shekara shida ko bakwai, mu yi ta buga allo da bulala muna cewa yaro daƙiƙi ne.

To ku sa kanku a kujerar malamar nan. Ga mai naƙuda, ga yaro na suma saboda zazzaɓi, ga wanda fartanya ta sara, ga kuma yaron da ke wasa da kwalba a cinyar uwarsa, lafiyarsa ƙalau a ido. Wa za ta fara dubawa? Kowa ya san amsa, kuma da ni ne haka zan yi. A layin asibiti mai kuka shi ke gaba. Tsumburewa kullum ita ce ta ƙarshe, kuma a asibitin mutum ɗaya ba a taɓa kaiwa ga na ƙarshe.

"Ai talauci ne, ba asibiti ba"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Magidancin da ke neman mudun masara ba za ka tsaya kana yi masa wa'azin ƙwai da hanta ba. Akwai gidajen da ko malaman asibiti goma aka zuba musu, in ba a sa abinci a tukunya ba, ba abin da zai canza. Na yarda.

Amma a duba inda muke. Kaduna na sahun gaba wajen noman masara a ƙasar nan. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Saminaka ko ta Giwa da kaka ya ga yadda tireloli ke lodi. Muna noma waken soya, muna noma gyaɗa da wake, zogale shinge ne a gidajenmu, kuka da kuɓewa da kabewa ba baƙinmu ba ne. Gidan ƙanwata akwai buhunan waken soya a ɗaki, an ajiye ana jiran ya yi tsada. Akwai kaji, ƙwansu kuma na ƙyanƙyasa ne ko na sayarwa ranar kasuwa. Abba kuwa kokon masara yake sha safe da yamma, tsararo, wanda in ka karkata cokali zai zube kamar ruwa. Cikin yaro ɗan ƙarami ne. In ka cika shi da ruwa ya ƙoshi, amma bai ci komai ba.

Gyaran wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. A soya hatsi da waken soya da gyaɗa a niƙa tare, a dama da kauri yadda zai tsaya a cokali, a ɗan zuba manja ko garin busasshen kifi, a ba yaro sau uku ko huɗu a rana a kwanonsa shi kaɗai, kada a haɗa shi da yayyensa masu saurin hannu. Ba wani sirri a ciki. Sai dai magana ce da ba ta shiga da faɗa ɗaya, kuma ba ta shiga ta rediyo kaɗai. Sai an zauna da uwa, an tambaye ta me ta ba shi jiya, an ga kaurin kunun da ido, an dawo wata mai zuwa an sake tambaya.

Ga kuma maganar ruwa. Ƙa'ida ita ce nono zalla har wata shida, amma a ƙasar nan kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai ke samun haka. Uwar ba ita ke yanke hukunci ba. Yarinya ce ta je wankan gida da ɗan fari, tana ma jin kunyar ɗaukarsa a gaban mutane, kakarsa ce ke cewa wane irin rashin imani ne a hana jariri ruwa cikin zafin bazara. Wata kakar har yanzu tana ganin dakashi ƙazanta ne, a matse a zubar. Ruwan da ake ɗura masa daga randa yake, sai zawo, sai ramewa, ya fara farfaɗowa wani zawon ya sake kwantar da shi. Kowane zagaye yana cin wani abu daga tsayinsa. Wa zai iya da kakar nan? Ba takardar da aka manna a bango ba. Sai macen da ta saba shiga gidan, wadda ta gaishe ta da jiki lokacin da ƙafarta ke ciwo, wadda in ta ce "Inna, nonon nan kusan duk ruwa ne, ba zai ji ƙishi ba" za a saurare ta.

Haka maganar kunika. Mace na goyon ɗan wata takwas ta samu wani cikin, a yaye na hannu da gaggawa a kai shi gidan kaka, na cikin kuma ya zo ƙarami saboda jikin uwar bai huta ba. Yara biyu ke nan a tafi ɗaya. Tazarar haihuwa ba maganar da ake yi a baranda gaban mata hamsin ba ce. Tana son sirri da lokaci da yarda, wani lokaci kuma tana son ma'aikaci namiji da zai tare maigidan a majalisa bayan la'asar.

Don haka talauci gaskiya ne. Amma a cikin talaucin akwai wani yanki babba da baki da ƙafa ke gyarawa, kuma bakin da ƙafar na ma'aikacin da ba shi da layi a gabansa ne.

"Su danginsu gajeru ne"

Wannan surukar ƙanwata ce ta faɗa mini, ba da faɗa ba. Ta ce, "Malam, ka dubi ubansa mana, ka dubi kakansa. Halitta ce."

Gado yana nan, ba mai musu. Amma ma'aunin da ake amfani da shi ba daga 'ya'yan Turawa kaɗai aka ɗauko shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a ƙasashe shida, Ghana da Indiya da Oman da Brazil da Norway da Amurka, waɗanda aka shayar da su yadda ya kamata kuma suka tashi cikin tsabta da wadatar abinci, ta fitar da ma'aunin a 2006. Abin da aka gani shi ne a shekarun farko girmansu kusan ɗaya ne, baƙi da fari. Gado zai iya bayyana gajartar gida ɗaya, ba zai bayyana ta rabin jiha ba. Kuma wa ya ce uban da kakan ba kokon nan suka sha ba?

"Gwamnati fa ta yi ƙoƙari"

Ta yi. Wanda ya san yadda asibitocin sha-ka-tafi suke a da, jemagu a silin, awaki a baranda, ba zai raina aikin gyara asibiti ɗaya a kowace gunduma cikin gundumomi 255 da aka faro zamanin Malam Nasiru El-Rufai ba, wanda gwamnatin Uba Sani ta ɗora a kai. An kafa shirin gaggawa na yaƙi da tamowa a 2017. Kaduna na cikin jihohi 12 da suka shiga shirin abinci mai gina jiki na Bankin Duniya. An kuma ɗauki ma'aikata a lokuta daban-daban. Duk wannan na sani.

Sai dai gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, ma'aikaci kuwa albashi ne duk wata har ya yi ritaya, shi ya sa kowace gwamnati ta fi son gini. A yi lissafi mai sauƙi. Ƙa'idar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ce asibitin gunduma ya samu nas ko ungozoma huɗu, don a iya karɓa-karɓa dare da rana. Huɗu sau 255 ya ba da 1,020. Wannan ungozoma kaɗai ke nan, ba a zo kan malaman lafiya na al'umma ba, ba a kuma taɓa ɗaruruwan ƙananan asibitocin da ba sa cikin 255 ɗin ba. Kowane mai karatu ya tuna asibitin gundumarsu, ya ƙirga ungozomar da ya sani a ciki.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne asalin tsarin ba haka yake ba. Malaman lafiya na al'umman nan da ake kira CHEW, waɗanda makarantu irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ke yayewa, an tsara aikinsu ne tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya a kan su riƙa shiga gari. Ƙaramin cikinsu yawancin lokacinsa a cikin unguwa ya kamata ya ƙare, gida-gida. Da likita ya yi ƙaranci, nas ta yi ƙaranci, sai aka zaunar da su a kujera suka zama su ne likita, su ne ungozoma, su ne mai ba da magani. A 2014 ma aka fitar da manufar da ta halatta musu wasu ayyukan na sama da su. Dole ce ta sa, kuma ta ceci rayuka. Amma aikin shiga gidan da suka bari ba wanda ya gada.

Inda na biyun yake

Ni a cikin garin Kaduna nake zaune, kuma ina kai iyalina ƙaramin asibitin unguwarmu. Akwai ranar da na ƙirga masu fararen kaya bakwai a ɗaki ɗaya, marasa lafiya ba su kai su yawa ba. Wata na yanka kati, wata na miƙa mata biro. Ba na zarginsu, inda aka tura su nan suka zo. Amma kowa ya san yadda ake samun irin wannan turawar. Wannan matar wane ce, wannan ƙanwar wane ce, wannan ta kawo takarda daga wani babba. Wadda ba ta da kowa ita ake jefawa inda mota ba ta zuwa da damina, ita ma daga ranar da ta sauka fafutukar dawowa gari take yi.

A da ana iya cewa ƙananan hukumomi 23 ne kowacce ke juya nata ma'aikatan. Yanzu an tattara su ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha. Ke nan alƙalami ɗaya ne ke rubuta takardar canjin wurin aiki, kuma alƙalamin da ya tara bakwai a ɗaki ɗaya zai iya raba su.

Canjin wurin aikin kansa wata cuta ce. Aikin da nake magana a kai na kwana 1,000 ne. Malamar da ta yi wa mace awon ciki, ita ya kamata ta ga jaririn ranar suna, ta gan shi ranar da aka fara ba shi kunu, ta gan shi ranar yaye. In ana ɗauke ta duk bayan shekara, kowace sabuwa daga gaisuwa za ta fara, kafin kakar gidan ta saki jiki da ita an sake ɗauke ta.

Sai bita. Ban ƙi ƙarin ilimi ba, ni ma malami ne. Amma kowane shiri da nasa taron, na zazzaɓin cizon sauro daban, na rigakafi daban, na tazarar haihuwa daban, na abinci mai gina jiki daban, kowanne a otal, kowanne da alawus. Wanda ke zuwa kuma sau da yawa shugaban asibiti ne, ba wadda ke zama da uwayen ba. Abin dariya, abin kuka: a rufe awon yara na mako guda saboda an tafi koyon muhimmancin awon yara. Kowane shiri kuma ya dawo da nasa littafin da za a cike. Mai duba aiki in ya zo littafin yake buɗewa, ba ya buɗe katin yaro ko ɗaya. Ma'aikaci kuwa abin da ake tambayarsa shi yake yi. Ana tambayar adadin allura, shi ya sa shafin allurar Abba ya cika. Ba a tambayar ɗigon girma.

Ga hutun haihuwa. A 2019 Kaduna ta mayar da shi wata shida ga ma'aikatan gwamnati mata, don su samu shayar da nono zalla. Mataki ne mai kyau ƙwarai, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. To amma yawancin ungozomominmu matasan mata ne masu haihuwa. In guda ɗaya ce a asibiti ta tafi hutu, garin ya zauna rabin shekara ba ungozoma. An gyara shayarwar ɗa ɗaya, an bar ta ɗari. Ciki ba ya zuwa ba zato, wata tara yake ba da sanarwa. Tanadin mai riƙon ƙwarya aikin ofis ne kawai.

Sannan 'yan sa-kai. Yara ne da suka gama makarantar koyon aikin lafiya, da takardarsu a hannu, suna zuwa asibiti shekara da shekaru ba albashi, da fatan wata rana za a ɗauka. Asibitoci da yawa in suka daina zuwa rufewa za a yi. Ranar da aka buɗe ɗaukar aiki kuma sai ka ga sunayen waɗanda ba su taɓa taka garin ba.

"Su ma ma'aikatan ba sa zuwa"

Akwai wannan. Akwai wanda ke zuwa Litinin da Talata ya ɓace, akwai wanda kemis ɗinsa ya fi asibitin samun lokacinsa, akwai masu yi wa matan ƙauye tsawa kamar 'ya'yansu har mace ta rantse ba ta ƙara zuwa. A hukunta su. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka tura mace gari ba ɗakin kwana, ba makarantar da za ta sa 'ya'yanta, kuɗin mota ya cinye rabin albashi, albashin kuma daidai da na wadda ke tafiya aiki a ƙasa daga gidanta a cikin gari. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ba za ta gyara wannan ba.

Maganar tsaro kuma ba ta wasa ba ce. Wanda ya san abin da yankunan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru suka gani a shekarun nan ba zai ga laifin wanda ya ƙi kwana a wasu garuruwan ba. Amma wannan hujja ce ta a ɗauki 'yan garin, waɗanda dama can suke kwana.

Kuma an taɓa gwadawa a wani wuri. Habasha ta fara wani shiri a 2003, ta ɗebi 'yan mata daga ƙauyukansu, ta horar da su shekara guda, ta sa su a albashi, ta mayar da su garuruwansu. Bibbiyu ta ajiye su a kowane ƙaramin asibiti, don in ɗaya na ciki ɗaya na cikin gari. Tsumburewa a can ta sauka daga kashi 58 a 2000 zuwa 38 a 2016. Ba su kaɗai suka jawo saukar ba, noma da hanyoyi da makarantu sun taimaka. Amma ba ƙasa ce da ta fi mu kuɗi ba.

Ana yawan kukan likitocin da ke ficewa Ingila da Saudiyya, har Farfesa Muhammad Ali Pate, yana ministan lafiya, ya ce wajen 16,000 sun tafi cikin 'yan shekaru. Babban rashi ne. Sai dai ba likita Abba ya rasa ba. Mai riƙe masa kai ya rasa, kuma masu iya wannan suna nan birjik, ba Ingila za su ba.

Game da kuɗi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma kashi 10 na wannan asusun na gina ma'aikata ne. Bai isa ba, amma yawancin abin da nake nema ba sabon kuɗi yake ci ba. A manna sunayen ma'aikatan kowane asibiti a ƙofarsa, da ranakun aikinsu, mai unguwa da kwamitin gunduma su gani. Kada a ƙara tura kowa asibitin cikin gari matuƙar akwai asibitin gunduma mai mutum ɗaya. Wanda aka tura ƙauye ya yi shekara uku cur, da alawus ɗin da zai ji a aljihunsa, kuma shekarun su yi masa rana wajen ƙarin girma da tafiya karatu. In za a ɗauki aiki a fara da 'yan sa-kan da ke wurin. Mai duba aiki kuma, kafin ya taɓa littafi, ya karɓi katin yara goma daga hannun matan da ke baranda ya buɗe shafin girma.

Ranar nan dai ban tafi ba. Na mayar da ƙanwata gida ta ɗora girki, na dawo da ita da yaron bayan la'asar, lokacin baranda ta yi sauƙi. Na ce, "Malama, ga na biyun ya zo." Ta yi dariya, ta sauke kwalayen, ta goge katakon da gefen tsumma. Na riƙe kan Abba yana tsala ihu, ta danne gwiwoyinsa ta jawo katakon ƙafa. Santimita 75. Ta duba katin, ta ce ɗan wata 18 ya kamata ya kai wajen 82, kuma ƙasa da 77 ya shiga ja. Ta ɗiga ɗigo na uku.

Ta zauna da ƙanwata kusan rabin awa, har da aika yaro ya ɗebo kunun a kofi ta gani. Ta ce saura wata shida ya cika shekara biyu, a yi abin da za a iya, a dawo da shi duk wata. Ƙanwata ta ce, "Yaya, kai za ka yi wa babansa maganar waken, ni ba zai ji tawa ba." Na yi masa, ya buɗe buhu ɗaya, ba da son ransa ba.

Sun koma wata na farko, sun koma na biyu. A na uku ƙanwata ta kira ni ta ce an yi wa malamar canji, an mayar da ita kusa da gari. Sabon da aka kawo namiji ne, shi ma shi kaɗai, kuma kwalayen sun koma kan katako.